Haydn, Mozart ko Beethoven: wa za ka fara saya, kuma daga hannun wane madugu?

A saman kabad ɗina akwai wani akwatin kwali mai faifan CD 33. Simfonin Joseph Haydn ne kaf, wato dogayen kiɗan Turawa da taron makaɗa ke kaɗawa, daga ta 1 har ta 104, waɗanda Antal Dorati ya jagoranci ɗauka tsakanin 1969 da 1972. Sautu na bayar aka kawo mini daga Jamus, don na yi lissafi na ga in an raba kuɗin a kan yawan faifan, kowanne ya faɗi warwas. Na fara daga faifai na ɗaya kamar mai shirin sauka. Kafin in kai na biyar duk sun koma mini abu guda, na mayar da murfi, akwatin ya yi shekara biyu yana shan ƙurar hunturu. Linzami ne ya fi ƙarfin bakin kaza, kuma ba na so kai ma ka zubar da kuɗinka haka.

Mai sayen irin wannan kiɗa zaɓi biyu ne a gabansa, ko da bai sani ba. Na farko, wace simfoni. Na biyu, wa ya kaɗa ta. Mutanen da suka tsara kiɗan sun mutu tun kafin a ƙirƙiro na'urar ɗaukar sauti, abin da suka bari rubutu ne a takarda. Kowane madugun makaɗa, wato mutumin nan da ke tsaye a gaba yana kaɗa sanda, karanta takardar yake yi ya fitar da nasa fahimtar. Shi ya sa za ka nemi simfoni guda a intanet ka tarar da ɗauka sama da ɗari, wata ta fi wata tsawo da minti goma, alhali rubutun ɗaya ne.

Simfoni ta wancan zamani, daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa farkon na 19, galibi kashi huɗu ce: na farko mai sauri, na biyu a hankali, na uku takun rawa, na huɗu a guje. Galibi ba waƙa a ciki, kayan kiɗa ne zalla. Mutum uku ne suka mamaye kasuwar, dukkansu kuma sun zauna a Biyana, babban birnin Ostiriya.

Ni dai Haydn nake tura sabon shiga wurinsa, duk da abin da ya faru tsakanina da akwatinsa. An haife shi a 1732, ya rasu a 1809, ya yi kusan shekara 30 yana bara a gidan sarautar Esterhazy. Aikinsa shi ne ya samar wa ubangidansa sabon kiɗa a kai a kai, da makaɗan da yawancin lokaci ba su kai 25 ba. Wannan ne sirrin yawan simfoninsa, kuma shi ne ya sa na farko-farkon ba su dace da mai koyon ji ba: kiɗan gida ne na mutumin da ke gwada hannunsa. Inda ya kamata ka dosa shi ne goma sha biyun ƙarshe, daga ta 93 zuwa ta 104, waɗanda ya rubuta wa mutanen Landan bayan Johann Peter Salomon, mai shirya wasannin kiɗa, ya kai shi can a 1791, ya kuma sake komawa a 1794. A nan 'yan tikiti yake wa kiɗa, mutanen da in sun gaji sai su yi hamma, don haka ya cika su da dabarun riƙe kunne. A ta 94, kashi na biyu yakan fara a hankali, ya ƙara yin ƙasa har ka matso da kunne, sai dukkan makaɗa su buga da ƙarfi lokaci guda. A ta 101 akwai tik-tak na agogo. Ta 103 da rugugin tambari take buɗewa, shi kaɗai, kafin kowa ya taɓa kayansa. Kowacce ba ta cika wuce rabin awa ba. Haydn mutum ne mai barkwanci, kuma barkwancinsa ba ya buƙatar tafinta. Colin Davis da makaɗan Concertgebouw na Amsterdam sun ɗauki goma sha biyun nan a faifai huɗu, kiɗa mai tsabta ba ƙyale-ƙyale. Da su na fara, da ban yi asarar shekara biyu ba.

Mozart ya fi saurin shiga kunne, amma a wurinsa ne tarkon cikakken akwati ya fi muni. Simfoninsa masu lamba 41 ne, ta farko yana ɗan shekara 8 ya rubuta ta, a Landan, kuma da yawa daga cikinsu aikin ƙuruciya ne da sai mai bincike zai damu da su. Ta 37 ma ba tasa ba ce: ta Michael Haydn ce, ƙanen Joseph, gabatarwa kawai Mozart ya ɗora mata. Nauyin kayan yana ƙarshe. Ta 36 a kwana huɗu ya rubuta ta a garin Linz a 1783, ta 38 mai kashi uku kacal aka fara kaɗa ta a Prague a 1787, sai ukun ƙarshe, 39, 40 da 41, da ya kammala cikin 'yan makonni tsakanin Yuni da Agusta na 1788, shekara uku kafin ya rasu yana da 35. Ta 40 ce wataƙila ka taɓa jin farkonta a tsohuwar wayar hannu ba tare da ka san sunanta ba. Kashin ƙarshe na ta 41 kuwa, inda ya ɗauko zaren kiɗa biyar ya saƙa su wuri guda, sai ka ji shi sau goma kana gano sabon abu. Faifai biyu sun ishe ka Mozart na shekara guda.

Beethoven shi ne sunan da kowa ya sani, kuma a wurinsa cikakken akwati ba laifi ba ne, tunda tara ce kacal, faifai biyar ko shida. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne nauyi. Ya yi karatu a hannun Haydn bayan ya iso Biyana daga Bonn a 1792, kuma ta 1 da ta 2 suna da ƙamshin malaminsa, amma daga ta 3 sai ya ɓalle: tsawonta ya doshi minti 50, ta 9 kuwa ta haura awa guda har da mawaƙa a ƙarshe, ya gabatar da ita a 1824 kunnensa ya riga ya mutu. Ba kiɗan da za ka kunna kana lissafin kanti ba ne. Ko mutanen zamaninsa sun ji a jikinsu: ranar 22 ga Disamba 1808 da aka fara kaɗa ta 5 da ta 6, zama ne na kusan awa huɗu a zauren da sanyi ya cika.

To sai zaɓi na biyu, wanda masu sauraro suka fi yin gardama a kai. Akwai makaranta biyu. Ta farko ita ce ta manyan ƙungiyoyin zamani, makaɗa ninki uku ko huɗu na abin da Haydn ya saba da shi, gogen Turawa mai tsirkiyar ƙarfe, sauti mai kauri da santsi kamar an zuba masa man shanu. Karl Böhm da Herbert von Karajan, dukkansu da makaɗan Berlin, su ne jigoginta. Ta biyu ta yi ƙarfi daga shekarun 1970: mutane irin su Christopher Hogwood, Trevor Pinnock da John Eliot Gardiner suka ce a koma ga kayan kiɗan da masu rubutun suka sani. Tsirkiyar hanjin tumaki, tambari mai fatar maraƙi da ake bugawa da sandar katako tsurarta, ƙaho da begila marasa maɓalli, waɗanda kamar kakaki galibi leɓen mai busa ne ke sarrafa su. Makaɗan kaɗan ne, tafiyar da sauri, kana jin sarewa da sauran kayan busa ɓaro-ɓaro maimakon goge ya lulluɓe su. Masu son tsohuwar makaranta sukan ce wannan sauti siriri ne, a bushe, kamar tuwo ba miya. Masu son sabuwar su ce waccan ta yi ƙiba har ba ta iya rawa.

Ra'ayina ya rabu bisa mai rubutun. A Haydn da Mozart, ƙaramar ƙungiya ta fi, don wasan da ke cikin kiɗan yakan nutse in makaɗa sun yi yawa. Böhm yana da daraja da natsuwa, amma takun rawarsa na dattijo ne mai babbar riga. Wanda na fi sa wa a gida shi ne Charles Mackerras da makaɗan Scottish Chamber Orchestra, a kamfanin Linn, daga ta 38 zuwa ta 41: ya tsaya a tsakiya, goge na zamani, ƙaho na da. Sai dai ka sani yana maimaita duk inda Mozart ya ce a maimaita, don haka ta 41 ɗinsa ta fi ta Böhm tsawo da kusan minti goma. Wasu wannan gajiyar da su yake. A Beethoven kuwa ban ga laifin kauri ba. In faifai ɗaya tak kuɗinka zai saya a duk wannan fage, nemi Carlos Kleiber da makaɗan Biyana, ta 5 da ta 7 a faifai guda na kamfanin Deutsche Grammophon, ɗaukar tsakiyar shekarun 1970. Ta 5 ɗin tun daga bugu huɗun farko ba ta barinka ka gyara zama. In cikakkun taran kake so, Nikolaus Harnoncourt da Chamber Orchestra of Europe na farkon shekarun 1990 ya haɗa kaifi da nauyi, Gardiner ya fi shi gudu da zafi, Karajan ya fi su duka sheƙi. A kan Karajan, duba shekara kafin ka biya: sau huɗu ya ɗauki taran a faifai, kuma ta 1961 zuwa 1962 ce masu sauraro suka fi yabawa, ta shekarun 1980 ba ta kai ta ba duk da na'urorin sun fi sabunta.

Za ka ji ana ambaton Wilhelm Furtwängler, musamman ta 9 da ya jagoranta a Bayreuth a 1951. Gaskiya ne da tsohuwar zuma ake magani, amma sautin na lasifika ɗaya ne, da shuu a bayansa. Bar shi sai kunnenka ya san hanya.

Saura ta ina kiɗan zai iso ka. Faifan CD naka ne har abada, yana zuwa da ɗan littafin bayani, amma sai ka nemi mai kawo maka, kuma kwamfutocin yanzu da yawa ba su da wurin sa shi. Biyan kuɗin wata ya fi sauƙi, sai dai manhajojin ba ɗaya ba ne. Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, yana da kusan duk abin da na ambata, amma an gina shi ne don waƙoƙin minti uku: kowane kashi na simfoni waƙa mai zaman kanta yake ɗaukarsa, in ka bar shi yana gauraya maka sai ka ji kashi na huɗu kafin na biyu, a na kyauta kuma talla ta faɗo tsakani. Idagio da Apple Music Classical don wannan kiɗa aka yi su, kana iya zaɓar mai rubutu, ka zaɓi lamba, sannan a jero maka madugai ka kwatanta. Na Apple ɗin, wanda ya fito a 2023, ba ƙarin kuɗi ga mai biyan Apple Music. Ka lura da data: sauti mai ingancin 320 kbps yana cin kusan MB 2.4 a minti, wato simfonin rabin awa ta haura MB 70, mai ingancin CD kuma ya ninka haka. Sauke ta sau ɗaya inda ka samu Wi-Fi ya fi ka riƙa jawo ta kullum. Kafin ka biya ko sisi ma, ƙungiyar makaɗan rediyon Frankfurt, hr-Sinfonieorchester, tana ɗora cikakkun wasanni kyauta a YouTube, kuma ganin wanda ke busa abin da kake ji yana koyar da kunne da sauri.

Wani abu da ba a cika faɗa wa mai saye ba: wannan kiɗa tazarar da ke tsakanin raɗarsa da tsawarsa babba ce. Na taɓa kunna ta 94 a sifikar waya, janaretan maƙwabci yana ruri. Sashen da ke a hankali ya ɓace gaba ɗaya, na ƙure ƙara, sai bugun nan ya zo ya kusa fasa sifikar, yaran gida suka yi ta dariya. In kuɗinka ba su da yawa, gara ka rage faifai ka sayi hedifon mai rufe kunne duka, ka kuma nemi lokacin da unguwa ta yi tsit.

Akwatin Dorati kuwa na sake buɗe shi, amma yanzu tsakurowa nake. Makaɗansa 'yan gudun hijirar Hangare ne da suka bar ƙasarsu bayan boren 1956, kuma akwai kishiyarsa mai faifai 33 ita ma, ta Adam Fischer, wadda aka ɗauka a zauren fadar Esterhazy da ke Eisenstadt inda Haydn ya yi aiki. Wanda ya riga ya ƙoshi da na Landan, ya wuce shidan Paris daga ta 82 zuwa ta 87, shi ne akwatin zai yi wa rana. A cikinsa na ci karo da ta 45, ta shekarar 1772, lokacin da Yarima Nikolaus, ubangidan Haydn, ya riƙe makaɗansa a fadar Eszterhaza fiye da kima, nesa da iyalansu. Haydn bai kai ƙara ba. Ya rubuta kashin ƙarshe yadda kowane makaɗi in ya gama nasa sai ya hure kyandirinsa ya fita, har ya rage masu goge biyu. An ce washegari aka ɗaura kaya. Wannan kam a bidiyo za ka neme ta, don a faifai sai dai ka ji sautin yana ta raguwa ba ka ga kujerun da ake bari ba.