Nikon Aculon A211 10x50: ya isa bibiyar taurari masu bugun haske daga Tawa?

Ya isa, in dai hasken da ido ke gani kake son aunawa. Wannan madubin hangen nesa mai ido biyu yana kusanto da abu sau 10, faɗin gilashinsa milimita 50, kuma yana ɗauko digiri 6.5 na sama a kallo guda. Faɗin nan shi ne amfaninsa: tauraruwar Delta Cephei da maƙwabtanta biyu da ake gwada ta da su, Zeta mai 3.4 da Epsilon mai 4.2, duk suna shiga tare. Lambobin nan ma'aunin hasken taurari ne, kuma ƙaramar lamba ita ce mafi haske.

Delta Cephei tana kumbura tana motsewa duk kwana 5.37, haskenta na yawo tsakanin 3.5 da 4.4. Tana hawa cikin kamar kwana ɗaya da rabi, sauka kuwa a hankali take yi. Daga Tawa takan kai tsayin digiri 46 a sama ta arewa, da farkon dare a watan Oktoba da Nuwamba. Ka kawo kowace tauraruwa tsakiya kafin ka yanke hukunci, don gefen gilashin yana ɗan dusashe haske. Ka kuma ɗan kwance saitin har su zama ɗigo masu faɗi. Gwadawa ta fi sauƙi haka. Tauraruwar RR Lyrae ma, mai zagayen awa 13.6 tsakanin 7.1 da 8.1, tana samuwa in ka fita daga fitilun gari, wajen hanyar Abalak misali.

Nauyinsa giram 900, hannu kan fara rawa, sai a jingina gwiwar hannu da katanga. Mai sa tabarau zai sha wuya, don tazarar da ta dace tsakanin ido da gilashin leƙawa ba ta kai milimita 12 ba. Lokacin hazo kuma a hure ƙura kafin a goge, in ba haka ba yashi ya kankare rufin gilashin.

Kada wani ya saye shi don hasken ultrabayolet, wato hasken da ke gaba da shunayya wanda ido ba ya gani. A can ne canjin ya fi girma, tunda ɗan ƙarin zafin tauraruwa yana ninka wannan hasken ƙwarai, amma iskar ozon tana tare duk hasken da tsawon zangonsa bai kai nanomita 300 ba, ido kuma ba ya ganin sauran. Aikin tauraron ɗan'adam ne: IUE ya yi shi daga 1978 zuwa 1996, GALEX kuma ya gano wutsiyar tauraruwar Mira a 2007. Bayanansu suna rumbun MAST a intanet, kyauta.