Yaro Na Buga Besbol a Amurka: Na'ura Za Ku Saya Ko Kuɗin Baje Koli Za Ku Biya?

Duk magidancin da ke zaune a Amurka, musamman mutanenmu na Bronx da ke iya hango filin ƙungiyar Yankees daga tashar jirgin ƙasa, idan ɗansa ya kamu da son besbol, akwai ranar da yaron zai zo da waya a hannu ya ce, "Baba, ana taron baje kolin 'yan wasa, abokaina duk sun yi rajista." Mu da muka tashi da ƙwallon ƙafa da dambe, ba mu san mudun da ake awo da shi a wannan wasa ba, shi ya sa ake saurin raba mu da kuɗi. Kafin ku ciro katin banki, ku san abin da ake aunawa tukuna.

Masu farautar 'yan wasa suna duba abubuwa biyar: iya samun ƙwallo da gora, ƙarfin bugu, gudu, ƙarfin hannu wajen jifa, da tsaron fili. Kowanne suna ba shi maki daga 20 zuwa 80, kuma 50 na nufin matsakaicin ɗan wasan babbar gasar MLB, ba matsakaicin yaran unguwa ba. Gudu da ƙarfin hannu da ƙarfin bugu na'ura na iya auna su. Sauran biyun kuwa sai ido da dogon kallo. Duk abin da za a tallata muku, ku tambayi kanku wanne daga cikin biyar ɗin yake aunawa.

Mafi arha shi ne agogon auna gudu, wanda ma yana cikin wayarku. Ana gwada yaro a tseren yadi 60, kusan mita 55, kuma wanda ya sauko ƙasa da daƙiƙa 7 ya fara jan hankali. Idan ɗanku shi ne mai tsugunawa yana cafe ƙwallo a bayan mai bugu, ana ƙirga lokaci daga shigar ƙwallo safar hannunsa zuwa isarta tasha ta biyu ta filin bayan ya jefa ta can, kuma daƙiƙa 2 ne ma'aunin ƙwararru. Ku haɗa da littafin rubutu da bidiyon waya mai tafiyar hawainiya. Abin da koci ke so ya gani shi ne yadda alƙaluman suka motsa cikin wata shida, ba bajintar rana ɗaya ba.

Na'urar auna gudun ƙwallo ita ce inda ya kamata a tsaya a yi tunani sosai. Akwai masu arha irin na Bushnell, sun isa wasan yara, amma sau da yawa sukan ba da adadi ƙasa da na manyan na'urori. Akwai Pocket Radar mai girman wayar hannu, wadda samfurinta mai haɗuwa da manhaja ke kai wa kusan dala 400, tana kuma liƙa adadin gudun a jikin bidiyo, abin da za a iya tura wa kocin jami'a kai tsaye. Sai Stalker, wadda ake gani a hannun masu farautar 'yan wasa a bayan raga, kuɗinta ya haura dala 1,000. A ganina ta tsakiyar ta wadatar da gida. Tana auna jifa, tana kuma auna gudun ƙwallo bayan an buge ta, wato abu biyu cikin biyar da kuɗi ɗaya. Sai dai a tsaya daidai bayan mai jifa ko bayan mai cafewa. Idan aka tsaya a gefe, adadin zai ragu, yaro ya shiga damuwa a banza.

Amma wannan na'ura tana da haɗarin da ba ya cikin takardar talla, kuma shi ne ya fi damuna. Da zarar yaro ya ga lamba, zai so ya wuce ta kullum. Matsakaicin jifa mai sauri a MLB yanzu ya kai kusan mil 94 a awa, kuma yara na kallon wannan adadi suna ɗaukarsa a matsayin nasu. Jijiyar gwiwar hannu ba ta san buri ba. Tiyatar gyaran wannan jijiya da ake kira da sunan Tommy John, wadda likita Frank Jobe ya fara yi a 1974, a da ta manyan 'yan wasa ce, yanzu har 'yan sakandare ana yi wa, kuma jinyarta kan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ƙa'idojin Pitch Smart na MLB da hukumar besbol ta Amurka sun iyakance jifa 85 a rana ga ɗan shekara 11 zuwa 12, 95 ga ɗan 13 zuwa 16, sannan 105 ga ɗan 17 zuwa 18, tare da kwanakin hutu bayan haka. Idan kun sayi na'urar, ta zauna a hannun uba ko uwa, a fito da ita sau ɗaya ko biyu a wata. Sauri kan haifi nawa, kuma a nan hannun yaro ne ke biyan kuɗin.

Ga mai bugu akwai ɗan maɓallin da ake maƙalawa a gindin gora, irin na Blast Motion ko Diamond Kinetics. Na Blast yana kusan dala 150, amma cikakken bayani sai an biya kuɗin manhaja lokaci-lokaci, don haka ku lissafa da wannan. Yana nuna saurin gora da kusurwar da take bi. Yana da amfani idan akwai kocin da zai fassara alƙaluman ya gyara wa yaro tsayuwa. In babu, lambobi ne kawai za su taru a waya. Ba zai kuma gaya muku ko yaron na gane ƙwallo mai lanƙwasa tun daga hannun mai jifa ba, alhali a nan ne mafi yawan masu bugu ke tsayawa.

Rapsodo da TrackMan, masu auna juyin ƙwallo da yadda take karkata, na dubban daloli ne. Kada ku saya. Wuraren atisaye da yawa suna da su, a biya kuɗin awa ɗaya sau biyu a shekara a karɓo rahoto.

Sai baje kolin kansa. Perfect Game, wanda aka kafa a jihar Iowa a 1995, shi ne mafi shahara, yana ba yara maki har zuwa 10, kuma gasarsa ta watan Oktoba a garin Jupiter na Florida tana tara masu farautar 'yan wasa sosai. Akwai kuma Prep Baseball mai aiki jiha-jiha. Rajista ɗaruruwan daloli ce, ban da jirgi da otal da ranakun aikin da za ku rasa. Abin da iyaye ba sa lura da shi shi ne, adadin da yaro ya samu yana zama a shafinsa inda kowane koci zai gani. Wanda ya je tun bai shirya ba, ya biya kuɗi an rubuta rauninsa. Ga kuma dokar da ta fara aiki a 2023: kocin manyan jami'o'i ba shi da izinin tuntuɓar yaro kafin 1 ga Agustan shekarar da zai shiga aji 11. To ina amfanin garzayawa da ɗan shekara 13? Idan akwai jami'ar da yaron ke so takamaimai, sansanin horon da ita kanta ke shiryawa ya fi kusa da manufa, domin masu yanke hukuncin ne ke tsaye a filin.

Ku kuma san ƙofar ta ƙara ƙanƙancewa. Zaɓen sabbin 'yan wasa na MLB zagaye 40 ne a da, tun 2021 ya koma 20. Don haka gurbin karatu a jami'a shi ne burin da ya fi kusa ga yawancin yara, kuma sakamakon aji na cikin abin da ake dubawa. Masu awon ma suna kuskure, har a kan waɗanda suka zama taurari daga baya. Albert Pujols sai a zagaye na 13 aka ɗauke shi a 1999, José Altuve kuwa an taɓa sallamarsa daga gwaji a Venezuela saboda gajarta, kafin ƙungiyar Astros ta ɗauke shi a kan dala 15,000.

Akwai abubuwa biyu da ba sa cin aljihu. Shafin Baseball Savant kyauta ne, yana ɗauke da alƙaluman Statcast, tsarin na'urorin awo da aka kafa a filayen MLB 30 tun 2015, a nan za ku koyi cewa bugun da ya kai mil 95 a awa shi ake kira mai ƙarfi. Shirin RBI kuma, wanda John Young ya fara a Los Angeles a 1989 domin yaran cikin birni, yana ba da wasa da horo a kan kuɗi kaɗan ko kyauta.

Da ni ke da dala 500 da yaro ɗan shekara 14, zan sa shi a ƙungiyar RBI ko ta makaranta, in sayi Pocket Radar, ragowar in biya awa ɗaya a wurin da ke da Rapsodo. Maganar baje koli zan ɗage ta zuwa bazarar da zai gama aji 10, bayan na zauna da kocinsa mun duba littafin awon tare.