Lauyan da ya tsaya wa ƙanina a kotun majistare, ga yadda na ga aikinsa

Masu tambayata a kan lauyan nan da muka ɗauka, to ga bayani. Ƙanina aka zarga da ɗauke turare a wani babban kanti nan Kano, wai kyamara ta nuna shi, 'yan sanda suka rubuta FIR, wato takardar rahoton da suke shigar da ƙara da ita, sai kotu, yaron da ko caji ofis bai taɓa takawa ba.

Gaskiya ranar farko Barista ya ci kuɗinsa. Tun kafin alƙali ya zauna ya samu yaron ya ce masa za a karanto maka tuhuma, in da Turanci ne ka ce a fassara maka haƙƙinka ne, sannan a tambaye ka ka aikata ko ba ka aikata ba, ka amsa iya abin da aka tambaye ka kawai, kar ka soma “ranka ya daɗe a yi haƙuri” don mutanenmu da yawa da wannan ladabin suke jefa kansu, sai ya zama kamar ka amsa laifi. Ya ce a sashe na 287 na Penal Code, wato kundin dokar hukunta laifuka, hukuncin sata yana kaiwa shekara 5 ko tara ko duka biyun, nan fa jikin Hajiyarmu ya yi sanyi.

Inda ya fi burge ni maganar beli. Tun dare ya sa muka nemo masu tsayawa mutum biyu, kowa da hoton fasfo da katin ɗan ƙasa da takardar wuta mai adireshin gidansa, shi ya sa ana bayarwa muka cike muka taho da yaron gida. Wani bawan Allah da aka kira kafin mu shi ma an ba shi belin amma ba mai tsaya masa, a idona aka sa shi a mota sai gidan yarin Kurmawa.

Matsalarsa waya. Wallahi sai ka kira har ka gaji, sai dare ya turo “ina kotu”. Kuma bai faɗa mana tun farko cewa kowane zama da kuɗin mota daban ba, zama na biyu ma ƙaramin lauyan ofishinsa ya turo, shi kuma yana buɗe fayil ɗin ka san ranar ya fara ganinsa.

Zan ba shi 7 cikin 10. In za ku ɗauke shi ku yi maganar kuɗi a rubuce. Wanda ba shi da hali kuma ya nemi Legal Aid Council, kyauta suke tsaya wa mutum.