Ledar noman Ganoderma da na yi oda: tana da kyau, amma kar a riƙa juya ta

Masu tambayata kan ledar noman naman kazan nan, ga abin da na gani. Wanda na saya Ganoderma ne, mai taurin nan ja mai sheƙi da ke fitowa a jikin itace, wanda 'yan Sin ke kira lingzhi. Abin da ake aiko maka leda ce cike da garin katako, farar saƙar naman kazan ta gama mamaye shi, sai 'yar kwalbar feshi da takardar bayani. Kaya sun iso lafiya ƙalau, ba wari ba koren fumfuna, nan kam na yaba wa masu sayarwar.

Da farko wasu ƙahoni ne suka fito masu farin kai, da na ƙara buɗe masa iska sai bakinsu ya fara faɗi yana bajewa. To ana cikin haka magen gidanmu ta ture ledar ta kwanta gefe, ni kuma na ce a bar ta haka mu ga ikon Allah. Wallahi abin mamaki, tsohon ɓangaren yana nan a karkace don ya riga ya yi tauri, amma sabon tsiron da ya biyo baya a farin bakin nan sai ya lanƙwasa ya koma kwance sambal, fuskarsa mai ramuka tana kallon ƙasa.

Dalilin shi ne a ƙasansa akwai ƙananan ramuka, huɗu zuwa shida a milimita ɗaya, kowanne siririn bututu ne, ta ciki ƙurar irinsa ke faɗowa, to in bututun bai miƙe ya kalli ƙasa ba sai ƙurar ta maƙale a bango ba za ta fita ba, shi ya sa yake bin ƙarfin jan ƙasa duk yadda aka juya shi. A daji ma haka ne, in bishiya ta faɗi da shi a jikinta sai sabo ya fito a kan tsohon ta wata fuskar daban, mai lura zai iya gane wanne ya tsiro bishiyar na tsaye wanne ya zo bayan ta faɗi. Ƙurar ma na gan ta, ruwan ƙasa kamar garin koko, ta rufe saman teburin har da jikin bango, don haka kar a aje shi a ɗakin kwana.

Inda suka gaza, takardar ko kalma ɗaya ba ta faɗa kan wannan ba, alhali mai son ya samu faffaɗa mai kyan gani dole ya aje ledar wuri ɗaya ya ƙyale ta. Kuma da Turanci kawai aka rubuta. Sai tallan da suke yi wai yana maganin kaza da kaza, ni dai ban saya don haka ba kuma ba zan ce wa kowa ya bar maganin asibiti ba. Ba a miya da shi fa, tauri gare shi kamar itace, sai dai a yanka a tafasa, ga ɗaci.

Yana son ɗumi da laima, kuma watanni yake ɗauka, mai gaggawa ya nemi wani. Na ba su huɗu cikin biyar. In za ku saya ku bari sai damina, don hunturu zai busar da farin bakin tsiron ya tsaya cak ko kuna fesa ruwa safe da yamma.