Ranar da na kai yara kallon namun daji da takunkumi

A hunturun farkon 2021 na kai yarana uku wani wurin ajiye namun daji a nan cikin garin Kaduna. Tun kullen korona da aka fara a watan Maris na 2020 ba su fita shan iska ba, sun dame ni da magiya.

A bakin ƙofa mai gadi ya tare mu, ya ce babu mai shiga sai da takunkumi. Autata ta bar nata a gida, dole na saya mata a wurin wata mai talla. Akwai bokitin ruwa da sabulu, kowa ya wanke hannu. Ban ga laifinsu ba, don a watan Janairun shekarar ne shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa hannu kan dokar sanya takunkumi a bainar jama'a, ga kuma ƙurar hunturu.

Abin da ya fi burge ni wani dattijo ne mai kula da birai. Ɗana ya sauke takunkumi, ya gutsiri ayaba zai jefa musu sauran. Dattijon ya riƙe hannunsa a hankali, ya ce da ni, "Hajiya, a yi haƙuri, kada ya ba su abin da ya taɓa bakinsa. Ciwon da ke kama mu yana iya kama su." Na ce, "Baba, har da dabba?" Ya ce ƙwarai. Kuma gaskiyarsa: a Afrilun 2020 an samu cutar a jikin wata damisa a gidan namun daji na Bronx da ke Amurka, ana kyautata zaton daga ma'aikaci ta ɗauka, sannan goggon birai suka kamu a San Diego a Janairun 2021. Biri ba zai iya sa takunkumi ba, mu ne za mu sa dominsa.

Inda ma'aikatan suka gaza shi ne cikin wurin. Ana wuce ƙofa mutane ke mayar da takunkumi ƙarƙashin haɓa, su cunkushe gaban keji suna ɗaukar hoto. Dattijon nan kaɗai na ji yana magana. Babu ko allo ɗaya da Hausa da ke bayyana dalilin dokar, alhali da an rubuta "don lafiyar dabbobin", na tabbata da yawa za su kiyaye. Wannan ya ɓata mini rai sosai. Kafin mu fita na gaya wa mai sayar da tikiti, ya ce zai isar.