Wata takwas da 'yar na'urar karanta cek injin a motata

Motar da nake hawa 'yar Japan ce, ƙirar 2010, silinda huɗu, irin waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka. Ta shigo ta Kwatano, wani ya more ta shekaru a nan gida kafin ta zo hannuna. Tun ranar da na karɓi makulli akwai wata fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji a gaban sitiyari, wadda kowa ke kira cek injin. Mai sayarwa ya ce da ni, "Malam, ai wannan ba komai ba ce, duk motar da ta sha man ƙasar nan sai ta kunna ta." Na yarda, don abin da nake ji ke nan a bakin mutane. Sau uku ina kai ta wajen mai wayarin, ya soka na'urarsa ya kashe fitilar, in biya in tafi. Bayan kwana biyu ko uku sai ta dawo, galibi da safe ina kan hanyar Zariya zuwa Kano. Bai taɓa gaya mini abin da ya gani ba, ni kuma a lokacin ban san akwai abin tambaya ba.

Ƙanena ne ya kawo mini na'urar da nake son yin magana a kanta. Girmanta bai wuce kwalin ashana ba, shuɗiya ce, an rubuta ELM327 a jikinta, babu sunan kamfani ko ɗaya. Kuɗinta bai kai na rabin tankin fetur ba. Ana soka ta ne a wani soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, saman inda ƙafar direba take. Ba motata kaɗai ke da shi ba. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta shi a kan ƙananan motocin da ake sayarwa a can, Turai kuma ta biyo baya a 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu dizal. Sunan tsarin OBD2. Ke nan kusan duk tokumbon da ke yawo a titunanmu yana da wannan ƙofa, mafi yawanmu ba mu taɓa leƙa ta ba. Na haɗa ta da wayata ta Bluetooth, na sauke manhajar Torque, daga baya na ƙara da Car Scanner, na murɗa makulli.

Abin da ya fito a waya shi ne P0128. Harafi ɗaya da lambobi huɗu. Harafin P yana nufin matsalar ta ɓangaren inji da giya ce, lambobin kuma su ne ke fayyace ta. Ma'anar wannan ita ce ruwan injin ba ya kaiwa zafin da ya kamata ya kai a kan lokaci. Abin ya ɗaure mini kai, don duk tsorona a kan mota shi ne kada ta yi zafi, ban taɓa jin cewa sanyi ma laifi ne ba. Washegari da asuba, a tsakiyar hunturu, na ɗora wayar a gabana na buɗe shafin da ke nuna zafin ruwa kai tsaye. Har na wuce Kwanar Ɗangora lambar tana yawo tsakanin digiri 62 da 68, ba ta haura ba. Inji mai lafiya kuwa wajen 85 zuwa 95 yake zama.

Da na kai wa makanikena ya kwance bututun lagireto na ƙasa, sai ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, ai babu tamostat a ciki, an cire." Tamostat ɗan bawul ne da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya ɗauki zafi, a irin motata wajen digiri 82, sannan ya buɗe ya sake shi zuwa lagireto. Al'ada ce da ta yi jijiya a garejinmu: da mota ta sauka daga Kwatano sai a cire shi, wai na ƙasar ƙanƙara ne, wasu har su haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa ba tsayawa. Shi kansa makaniken nawa sai da muka ɗan ja, yana cewa zafin Kano bai dace da shi ba. Na nuna masa lambar a waya. Muka sayo sabo a Ƙofar Ruwa, ya ɗaura, ya zuba ruwan lagireto na gaske maimakon ruwan rijiya, ya fitar da iska. Yanzu lambar tana hawa zuwa 88 cikin 'yan mintuna ta tsaya nan. Ko a cunkoson watan Afrilu, idan ta kusa 95 sai fanka ta tashi ta sauko da ita. Fitilar ba ta sake dawowa kan wannan dalili ba.

Abubuwa biyu suka gyaru tare da ita, waɗanda ban taɓa danganta su da cek injin ba. Na farko shan mai, domin kwamfutar mota muddin tana ganin inji da sanyi to ƙara masa fetur take yi. Ban auna da lita ba, amma tankin da ke kai ni Alhamis ya koma yana kai ni Juma'a a kan zirga-zirga iri ɗaya. Na biyu, hita. Ita hitar mota ba ta da wata wuta tata, zafin ruwan inji take ara ta hura cikin mota. Shekara guda ina murɗa maɓallin zuwa ɓangaren ja da sanyin asuba ina jin iska mai ɗumi-ɗumi kawai, har na ɗauka ta lalace. Yanzu in na ɗauko yara zuwa makaranta a watan Janairu, kafin mu fita unguwa sun daina rawar ɗari.

Ranar da na fi gode wa Allah da wannan na'ura kuwa wata ranar Lahadi ce da yamma. Muna dawowa da iyali sai motar ta fara karkarwa, cek injin ɗin kuma ba tsayawa ta yi a kunne ba, ƙiftawa take yi. Akwai bambanci babba tsakanin biyun, kuma ina so duk mai mota ya riƙe shi. Idan ta kunna ta tsaya, saƙon shi ne ka duba ni nan ba da jimawa ba. Idan tana ƙiftawa, wata silinda ce ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur yana gangarawa cikin salansa, zai iya narkar da matatar hayaƙin nan mai tsada da makanikai ke kira indomi. Na gangara gefen titi na karanta: P0303, wato silinda ta uku. Na lallaɓa a hankali zuwa gareji mafi kusa. Yaron da na tarar ya ce, "Oga, filogi huɗu da kwayil huɗu za mu canza gaba ɗaya." Kwayil shi ne ke ba filogi wuta, kowace silinda da nata. Na ce ya yi haƙuri ya musanya kwayil na uku da na farko kawai. Muka goge lambar a manhajar, muka tayar da motar, sai lambar ta koma P0301, wato silinda ta farko. Ciwon ya bi kwayil ɗin ke nan. Guda ɗaya muka saya, tsufa ne ya kama shi.

To amma kada wani ya karanta wannan ya ɗauka na'urar likita ce. Inda ke ciwo take nunawa, ba ta faɗin maganin. Lambar P0171, misali, cewa kawai take iska ta yi wa mai yawa a cikin inji, kuma hakan yana iya zama tsagaggen bututu, ko dattin ma'aunin iska, ko famfon mai da ya gaji. Har yanzu sai da makanike mai haƙuri. Kuma maɓallin gogewa da ke cikin manhajar shi ne abin da na fi jin tsoro a kanta, don yana da sauƙin dannawa ƙwarai. Wanda ya mallake ta don ya riƙa kashe fitila duk safiya, abin da mai wayarin ya yi mini yake yi wa kansa.

Wani gibin nata shi ne harshen inji kawai take ji sosai. Fitilar ABS, wato tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki, ta taɓa kunnuwa bayan an yi mini aikin ƙafar gaba, na soka ta, ta ce babu matsala. Haka ba ta ganin ta jakar iskar kariya. Waɗannan sai babbar na'urar gareji. Fitilar iskar taya ma, mai kama da ƙwarya da alamar motsin rai a ciki, wadda ke kan motocin Amurka tun ƙirar 2008, ba ta da abin cewa a kanta. Mai faci ya auna tayoyin huɗu daidai da abin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, fitilar ta ƙi mutuwa, sai daga baya aka gano batirin ɗan ma'aunin da ke cikin taya ɗaya ne ya ƙare. Rubutun MAINT REQD kuwa ba lalacewa ba ce, lissafin tafiya ne. A motata yana kunnuwa bayan mil 5,000, kusan kilomita 8,000, don tuna maka juyen baƙin mai, kuma da maɓallin mita ake mayar da shi sifili.

Jajayen fitilu kuwa ba a tsaya neman waya a kansu. Mai kama da butar mai tana ɗiga, ba cewa take baƙin mai ya ragu kaɗan ba, cewa take mai ba ya zagayawa da ƙarfi a cikin inji, kuma 'yan mintuna sun isa inji ya buga. A kashe mota nan take. Haka mai siffar ma'aunin zafi a cikin ruwa, kuma kada a buɗe murfin lagireto yana tafasa. Ta da'ira mai alamar motsin rai, in ka sauke birkin hannu ba ta mutu ba, a duba man birki. Ta batir kuma yawanci ba batirin take zargi ba, caji ne ba ya shiga. A nan na'urar tana da ɗan taimako, don tana nuna ƙarfin wuta: wajen volt 12.5 in mota tana kashe, wajen 14 in tana aiki. In inji yana juyawa lambar ta tsaya a 12, a nemi fanbel ko na'urar cajin. Kukan kurciya jawabi ne, in ji magabata, kuma masu ƙera mota sun ma sauƙaƙa jawabin da launi: ja a tsaya, ruwan ɗorawa a bincika, kore da shuɗi labari ne kawai cewa wani abu yana kunne.

Shuɗiyar nan ta cikakkiyar fitilar gaba ina da ƙorafi a kanta, ba a kan mota ba, a kanmu direbobi. Duk mai bin hanya da daddare ya san yadda ake kashe wa na gaba ido, da yawa kuma ba mugunta ba ce, ba su san abin da alamar ke nufi ba. Ni ma saboda wannan na'ura ne na sauke littafin motar a intanet na zauna na karanta, a nan na gane cewa fitilun gaba da ke kunnuwa da kansu da rana ba sa kunna danjojin baya. Mutum zai iya tafiya bayan magariba yana ganin haske a gabansa, bayansa kuwa duhu ne ƙirin, tirela na tafe. Tun daga ranar, da an kira sallah nake murɗa sandar fitila da hannuna.

Batun esi ma littafin ne ya taimake ni, na'urar ba ta da hannu a ciki. Sanyinsa ya ragu bayan hunturu, mai gas ya ce a ƙara. Kafin in yarda na buɗe akwatin gaban fasinja na zaro matatar iskar da ke bayansa, na tarar ta toshe da jar ƙura har ba a ganin farinta. Da aka sa sabuwa iska ta dawo da ƙarfinta, gas ɗin R134a da ke ciki ko taɓa shi ba a yi ba. Maɓallin nan mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe a cikinta, wanda ke juya iskar ciki, shi nake dannawa a ƙura ko a bayan babbar mota mai hayaƙi, kuma yana sa sanyi ya kama da wuri. Amma da damina in gilashi ya yi hazo, kashe shi ake yi, a kunna esi, a juya iskar zuwa gilashin gaba, domin esi yana tsotse danshin iska. Da can tsumma nake sawa ina gogewa ina tuƙi da hannu ɗaya.

Ga mai niyyar saye, ya san cewa irin waɗannan masu arha kwaikwayo ne, ingancinsu ba ɗaya ba ne. Tawa wani lokaci sai na zare na sake sokawa kafin ta haɗu da waya, kuma ta ƙi magana sam da motar wani maƙwabcina. A gwada a jikin mota kafin a biya. Mai iPhone ya nemi mai Wi-Fi ko wadda aka rubuta tana aiki da ita, don tsohuwar Bluetooth ɗin da Android take tafiya. Kada kuma a bar ta a soke kwana da kwanaki, soket ɗin yana da wuta ko mota tana kashe, tana iya shanye batir a hankali.

Makon jiya na raka wani ɗan'uwana duba motar da yake son saye. Na ce ya murɗa makulli ba tare da ya tayar ba, don a wannan lokacin ya kamata fitilun gargaɗi su kunnu su nuna suna da rai. Duk suka kunnu ban da cek injin. Na soka na'urar, ta fito da P0420, matatar hayaƙi ba ta aikinta, fitilar kuma an yi mata wani abu daga ciki don kada ta tona. Dillalin ya ce, "Alhaji, wallahi haka aka kawo mini ita," kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Ɗan'uwan nawa bai fasa saye ba, amma sai da aka zauna aka cire kuɗin gyaran daga farashi, kuma a hanyarmu ta komawa gida ya ce in sa ƙanena ya nemo masa irinta.