Keken burji a Kansas: yadda kaya da gyara suke a nan, da yadda muke a Gombe

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanina ya dame ni a waya wai in sayo mishi irin keken da ya gani ina hawa in turo Gombe, sai na ce bari in zauna in rubuta komai yadda kowa zai gani, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tambayar ba.

Garin da nake zaune sunansa Emporia a jihar Kansas ta Amurka, ƙaramin gari ne, mutanensa ba su wuce dubu ashirin da 'yan kai ba. Kana fita ta yamma sai ka shiga yankin da suke kira Flint Hills, tuddai ne a jere, ka hau wannan ka gangara ka sake hawa wani, ciyawa ce ta ko'ina, itatuwa sai a bakin rafi, ga shanu suna kiwo ba makiyayi a bayansu. Hanyoyin ciki kusan duk burji ne, ba kwalta. To abin da ya fara ba ni mamaki shi ne wannan burjin da mu muke kuka da shi a gida, su shi ne abin tinƙahonsu. Tun 2006 suke yin wata tseren keke a nan, mutum 34 ne suka fara ta, yanzu sunanta Unbound Gravel, ana yi ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, babbar tafiyar mil 200 ce, wajen kilomita 320 kenan a rana ɗaya, akwai ma ta mil 350 ga masu taurin rai. Dubban mutane ke zuwa daga ƙasashe daban daban har sai an yi ƙuri'a kafin ka samu shiga. Satin nan otal ba ɗaki, masu gida suna ba da hayar ɗakunansu, masu abinci ba sa zama, duk saboda hanyar tsakuwa wallahi.

Kuma gaskiya ba don tuddansu sun fi namu kyau ba ne. Duk wanda ya taɓa hawa Tula ya leƙo ƙasa, ko ya bi ta Kaltungo da Billiri da damina, ko ya tsaya gefen Dadin Kowa ya kalli dutsen Bima, ya san Allah ya ba mu abin kallo da ya fi wannan. Inda suka sha gabanmu kula ne kawai. Hukumar yanki tana da gireda, tana bi tana kankare hanya tana zuba sabuwar tsakuwa, ana gyara kwalbati kafin ruwa ya cinye shi, mararraba da yawa akwai allo mai sunan hanya, kuma duk suna cikin taswirar waya, sai ka sauke hanyar da kake so tun daga gida ka bi ko ba sabis. A bakin filin kiwo suna shimfiɗa ƙarafa a kwance a kan rami, mota da keke su wuce amma saniya ba ta yarda ta taka, shi kenan ba ƙofa ba mai gadi. Akwai ma wani tsohon layin dogo da suka cire ƙarafan suka zuba dakakken dutse ya koma hanyar keke da masu tafiyar ƙafa, ya fi mil 100, ya ratsa ta Council Grove. Duk ranar da na bi shi sai na tuna namu layin da ya ratsa Bauchi da Gombe zuwa Maiduguri yana kwance ciyawa ta rufe shi, raina ya ɓaci.

Yanzu maganar kaya. Keken nan kamar na tsere yake, kansa a lanƙwashe, amma tayarsa ta fi kauri, wajen milimita 40 zuwa 45, birkinsa na faranti ne irin na mashin, ga giya da yawa saboda hawa. Sabo mai ɗan dama dama daga dala dubu ɗaya ne, manyan kuwa sai su haura dubu biyar, ku buga da canjin yau ku gani. Nawa na hannu ne. Yawancinsu tayar ba cub a ciki, wani farin ruwa mai danƙo ake ɗurawa, in ƙaya ko tsinin dutse ya huda sai ka ji tsss, ruwan ya ɗan feso maka a ƙafa, kafin ƙafar keken ta juya sau kaɗan ya toshe hujin da kansa kana ci gaba da tafiya. Dole su yi haka don dutsen nan ƙanƙara ce mai kaifi, irin wadda mutanen farko na wurin suke yin bakin kibiya da ita, tana yanka taya ta gefe. In ruwa ya sauka kuma wasu hanyoyin sai su zama laka mai kauri kamar tunkuza, ta cushe tsakanin taya da ƙarfe har ƙafar ta daina juyawa, a tseren 2023 mutane da yawa saɓa kekunansu suka yi a kafaɗa, wasu ma giyarsu ta karye a nan tafiyar ta ƙare.

Amma wajen gyara, jama'a ku riƙe masu facinku da daraja. A nan ba mai faci a gindin bishiya. Shagon keke ne mai kyau da komai a jere, ma'aikatan sun san aikinsu ba ƙarya, sai dai kuɗin hannu da awa ake lissafawa, kuma lokacin da jama'a suka yi yawa sai a rubuta maka takarda a ce ka bar keken ka dawo wani satin. Cub in ya fashe ba sa tsayawa faci, sabo za su sa su jefar da tsohon. Abu in ya lanƙwashe ba mai buga shi ya miƙe, canji kawai. Ni kuwa ina tuna dattijon da ke gyara a unguwarmu, da kwanon ruwansa da ya yi baƙi, ya hura cub ya dinga nutsa shi kaɗan kaɗan har kumfa ta nuna wurin, ya tsaga tsinke ya soke alama, ya goge da ɗan dutse ya shafa gam ya hura da baki, kafin ka gama gaisawa da mutanen wurin ya ɗaura maka, har ya ɗiga maka baƙin mai a kaca kyauta. Ga shi in ba ka da kuɗi ya ce jeka ka kawo gobe. Wannan babu shi a nan ko da kuɗinka.

Haka in ka shiga cikin tuddan, kai da Allahnka ne. Sai ka yi awa biyu ba ka ga ɗan adam ba, ba rijiya ba mai shayi ba mai fiya wata, sai ka kai ƙaramin gari irin Cottonwood Falls ko Madison kafin ka samu kanti, shi ya sa kowa yake ɗaure da gorunan ruwa da famfo da kayan faci. Ba ka kuma isa ka ƙetare wayar shinge ka shiga filin mutum ba, na wani ne, kuma akwai karnuka. A gida ko rugar da ba a san ka ba ka tsaya ka yi sallama za a miƙo maka ruwa a ƙwarya, wataƙila har da nono. Sai dai dole in faɗi ɗayan ɓangaren, a nan mace ita kaɗai tana fita da asuba ta yi nisa cikin daji ta dawo, abin da take duba kawai iska da hadari, mu kuwa akwai hanyoyin da yanzu sai ka tambaya kafin ka bi, kuma wannan ya fi rashin gireda ciwo.

Kar wani ya ce abin na Turawa ne. A Kenya tun 2021 suke yin tasu tseren ta kwana 4 a yankin Masai Mara a kan hanyoyin ƙasa irin namu, kuma baƙi na zuwa. Matasanmu da ke ɗauko buhun masara a kariya daga ƙauye zuwa kasuwar Kumo a kan Phoenix mai giya ɗaya, ƙarfin ƙafa ai ba za a nuna musu ba.

To ƙanina, keken ba zan turo ba, ka yi haƙuri. Kuɗin jirgi da na kwastan kaɗai zai saya maka wani, kuma ranar da wani abu ya karye a birkin ko giyar ba lallai ka samu irinsa a kasuwa ba, ruwan tayar ma zafinmu zai busar da shi da wuri. Ka shiga wajen masu kekunan gwanjo ka nemi mai giya mai ƙarfen kirki wanda zai ɗauki taya mai kauri, ka kai wa mai gyara ya duba kaca da birki kafin ka biya. Ni zan haɗo maka hular kwano da ƙaramin famfo da fitila da tayoyi biyu masu kyau in mai zuwa ya samu, ka turo min lambar girman da ke rubuce a gefen tayar in ka saya, kuma ka gaishe min da su Inna.